Sa'ar da Ta Ɓata a Lille

Lawali ya ce a can, daren Asabar,
ƙarfe biyu ta tsallaka ta zama uku,
kuma ba wanda ya kai ƙara.
Inna Cima ta aje ludayi ta ce:
"To ita sa'ar, gidan wa aka kai ta?"

Mu dai ba mu taɓa agogonmu ba.
Yana nan jikin garu, ƙasan kalandar bara,
yana tafiyarsa ta tsohon jaki.
Amma wayar da ta saba ƙara tare da ladan
yanzu ta riga ladan tashi.
Ƙarfe huɗu. Ko zakaran Malam Gado bai motsa ba.
Shi kuwa hutunsa ke nan,
minti goma tsakanin kwaɓi da gashi,
garin burodi har gira,
yana cewa, "Kun tashi lahiya?"
Mu ce lahiya lau.
Wa zai ce wa mai biyan kuɗin kuran ya bari sai an jima?

Ga bazara ta shaƙe Damagaram.
Duwatsun Birni su wuni suna shan rana,
dare ya yi su amayo mana ita.
Mun jawo tabarmi tsakar gida,
barci ya zo gutsure-gutsure,
kamar naman da aka raba wa unguwa.

A cikin gutsuren nan mafarki ke shiga.

Mato ya ga ya je lakkwal da sassafe,
ya iske kansa zaune a bencinsa,
har ya gama lissafi, yana hararsa.

Habsu ta ga famfo ya kawo bayan kwana tara,
ta tara bokiti,
sai mintoci ke zubowa, ƙanana, masu sanyi,
ga 'yan garuwa a bakin ƙofa
suna tambaya ko na sayarwa ne.

Baba bai so ya faɗa ba.
Sai da aka sha shayi na biyu ya ce
ya kwana yana ɗinke inuwa a jikin bango,
kada ta matsa,
keken na ta cin zare.
Ran nan ya sa wa rigar wani aljihu a baya.

Inna Cima ta je kasuwar Dole
ta tarar da sa'ar ɗaure a turke, cikin awaki,
ramammiya, kunne guda a tsage.
Ta taya, dillali ya ce albarka.
Ta farka tana jin haushi,
ta zuba wa koko gishiri.

Nawa ban gaya wa kowa ba.
Na ga Lawali ya dawo gida,
amma yana gabanmu da sa'a guda.
In shiga ɗaki, kofinsa da sauran ɗumi,
in fito zaure, ga sawun takalminsa,
maƙwabta na cewa yanzun nan ya wuce.
Na bi shi har tasha
ban ga ko ƙeyarsa ba.

Jiya ya ce kada mu damu,
idan kaka ta yi za su mayar da ita.
Inna ta matso da baki kusa da waya:
"Bashi ke nan. Ka ce musu ina sane.
In za ta dawo, kai za ka kawo ta?"
Hoton ya daskare da bakinsa a buɗe,
sannan layin ya yanke.

Ba wanda ya koma kwanciya.
Habsu ta hura gawayi,
Mato na ƙirga taurari yana ɓata lissafi,
Baba na jan carbi a hankali.
Da sauran nisa kafin kiran salla.
Inna ta dubi sama, ta dube mu ɗaya-ɗaya,
ta gyara zama ta ce,
"Ashe nan gidan aka kawo ta."